Ranar da Habibu Ya Ƙi Yarda a Sauke Jirgi

Zuwa ga Hajiya Ladi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ya yalwata makwancinki, ya haskaka shi. Mu nan Tudun Wada muna lafiya. Damina ta yi albarka, masarar gonar bakin rafi ta bushe a kara, shinkafa ta sunkuyar da kai.

Ni ne mijinki Ya'u. Da hannuna nake rubuta miki, da ɗan bokon nan da na koya a ajin yamma, wanda kike yi mini dariya a kansa kina cewa tsoho da furfura ya rataya jakar 'yan makaranta. Na san ba za ki karanta ba. Na kuma san waɗanda za su karanta a waya, har da waɗanda abin da zan faɗa ba zai yi musu daɗi ba. To, su karanta. Da ke nake magana, su kuwa su saurara.

Albishirinki. An yi miki takwara. Sa'adatu matar jikanmu Habibu ta sauka lafiya, an sami mace, an sa mata Hauwa'u, sunanki na yanka. Ranar da aka miƙo mini ita, ni da kullum nake kukan gwiwa, sai ga ni ina zagaye tsakar gida da ita kamar ɗan saurayi, har mata suna cewa a karɓe ta kafin in kayar da ita. Tana da goshinki. Tana kuma da muryarki in ranki ya ɓaci.

Amma ba haihuwar kaɗai ce ta hana ni zama wuri ɗaya ba. Abin da ya cika mini ciki da murna shi ne ubanta ne ya yi mata huɗuba a kunne da bakinsa. Saura ƙiris ta zo duniya ta tarar babu shi. Kuma abin da Allah ya sa ya zama sanadin tsirarsa, shi ne abin da mutanen garin nan suke kira rashin kunya. Saboda haka nake son ki ji daga bakina.

Kin san yadda kika rene shi bayan rasuwar ubansa. Kina kiransa angonki, ni ina ce masa ɗan ƙwace, amma wasan bai taɓa hana ki horonsa ba. Ba ya wuce babba da takalmi a ƙafa. Ba ya gaisuwa a tsaye. Kullum kina ce masa, “In babba yana magana, kai naka ‘to’.” Ya kuwa riƙe. Ko almuru ya yi yana cin tuwo, maƙwabci ya aike shi, sai ya tsame hannu ya tashi.

Kin ga tafiyarsa karatun tuƙin jirgi lokacin da gwamnati ta ɗebi yara, kin ga dawowarsa da takarda. Abin da ba ki gani ba shi ne aiki. Kin tafi kin bar shi yana lodin rake a Kwanar Dangora, 'yan tasha suna ce masa “Direban sama, miƙo damin can.” Bayan rasuwarki ne ƙanenki Sale ya kai shi wurin wani tsohon matuƙin jirgi ɗan asalin Kiru, wanda kowa yake kira Kyaftin. Mutumin nan ya riƙe shi hannu biyu. Ya tsaya masa har aka ɗauke shi mataimakinsa a wani ƙaramin jirgi irin wanda attajirai da manyan 'yan siyasa suke haya su kaɗai. Habibu ba ya kiransa da komai sai Baba. Ban manta wannan alheri ba, kuma ba zan manta ba. Ina so masu karatu su riƙe wannan kafin su ji sauran.

Ga abin da ya faru, kamar yadda ya ba ni labari a gindin darbejiyar ƙofar gida.

A tsakiyar daminar nan suka ɗauko wani attajiri da jama'arsa za su wani gari ɗaurin aure. Shi ne zai karɓi auren ɗan amininsa, kuma sun makara tun daga tashi, don shi kansa attajirin ne ya shanya su. Habibu ya ce mini, “Tsoho, a babban jirgi fasinja baƙo ne. A irin namu shi ne mai gida. Yana zaune dab da bayanka, in ya ga dama ya leƙo ya nuna maka agogo.” Ranar kuwa ya leƙo, ba sau ɗaya ba.

Da suka kusa, sai suka tarar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hadarin bai gama wucewa ba, iska kuma ta juya tana tura su ta baya. Ya bayyana mini yadda abin yake, na kuwa gane. Titin jirgi yana da iyaka. Akwai wurin da ya kamata tayoyi su taɓa ƙasa, can farkon titin. In ka zo da tsayi da gudu fiye da ƙima, sai ka wuce wurin nan, abin da ya rage ba zai ishe ka tsayawa ba. Balle ga ruwa kwance, taya tana sulɓi, birki ba ya kamawa. Bayan ƙarshen titi kuwa babu komai sai kwalbati da katanga da gonakin mutane.

Ya ce da yawa daga cikin ƙananan jiragen da muke ji a rediyo sun zarce titi, ba injinsu ne ya mutu ba. Lafiyarsu lau. Matuƙin ne ya hango titi a gabansa, sai zuciyarsa ta riga shi sauka. Ya ga ai an zo, ga mai gida yana jira, ga kunyar a ce ya kasa, sai ya ce bari dai ya lallaɓa. Saboda haka aka kafa musu doka: in an kawo wani tsayi jirgi bai daidaita ba, a fasa, a ba shi wuta a koma sama, a sake shiri ko a nufi wani filin. Kuma ko wane ne daga cikin su biyun ya ce a fasa, to an fasa. Dokar ba ta tambayi wanda ya girmi wani ba.

Kyaftin ne yake tuƙi. Habibu ya duba ya ga sun yi sama, sun yi gudu. Ladi, kin san abin da angonki ya ce? Ya ce, “Baba, kamar mun ɗan yi sama.” Kamar! Rai yana hannun Allah, shi yana ta kamar. Kyaftin ya ce ya gani, zai gyara. Suka ƙara matsowa, bai gyaru ba. Ya sake cewa, “Baba, gudun ya yi yawa.” Kyaftin bai amsa ba. Ba don mugunta ba, idonsa ya riga ya kafe a kan titi, kunnensa ya toshe.

Ya ce mini a lokacin nan harshensa ya yi masa nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Mutumin da ya cire shi daga lodin rake. Mutumin da ya yi shekaru yana tuƙi tun shi bai iya ɗaura wando ba. Ga ƙofa a buɗe, attajiri yana ji. Sai ya hango wurin taɓa ƙasa yana shigewa ƙarƙashinsu, ruwa yana ƙyalli a kan kwalta. Ya ɗaga murya ya ce, “A fasa! Mu tashi!” Da ya ga hannun Kyaftin bai motsa ba, sai ya ce jirgi yana hannunsa, ya ba shi wuta, suka koma sama.

Hadarin ya zauna a kan filin, mai kuma ba zai bar su su yi ta shawagi ba. Kyaftin ya karɓi tuƙinsa, ya kai su wani gari suka sauka lafiya. Bai ce masa komai ba sai abin da aiki ya tilasta. Aka ɗaura aure babu wakilin ango. Attajirin ya yi faɗa har hularsa tana faɗuwa, ya ce yaro ƙarami ya kunyata shi a idon duniya, ya ƙwace jirgi daga hannun ubansa don tsoro. Kamfanin jirgin ya ce Habibu ya zauna a gida sai kwamiti ya gama bincike.

Haka ya dawo mana da 'yar jakarsa, matarsa tana da tsohon ciki.

Labari kuwa ya riga shi isowa. Kin san garinmu. Ranar suna muna zaune a ƙofar gida ana raba goro, sai na ji wani daga bayan taro yana cewa, “Ina direban da ya ga gari ya juya?” Aka yi dariya. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ya matso ya ce mini, “Malam Ya'u, shin jirgin nan ya faɗi ne?” Na ce bai faɗi ba. Ya ce, “To, ka gani. Da ya bar mai abu da abinsa, da sun sauka lafiya.” Na ce masa, “Alhaji, ci goronka. Da ya bari, wataƙila da yau ma kana nan zaune a tabarmar nan, sai dai ba goron suna za ka ci ba.”

Abin da yake ba ni haushi ke nan, Ladi. Haɗarin da bai auku ba, ba shi da hoto. Ba wanda zai nuna maka shi a waya. Amma ranar da aka ji wani jirgi ya zarce titi ya kama wuta, waɗannan bakunan ne za su taru a teburin mai shayi suna cewa, “Wai su ba su ga ruwa ba ne? Me ya hana su juyawa? Shi na kusa da shi ba shi da baki ne?” To ga wanda yake da baki. Ya buɗe, an ce ba shi da tarbiyya.

Wasu kuma suka ce mini ai komai ƙaddara ce, in kwana ya ƙare ya ƙare. Na yi imani da haka, a kansa zan mutu. Amma wanda ya rubuta kwanan shi ne ya ba yaron nan ido ya gani, ya ba shi harshe ya faɗa. Ban ga dalilin da zai sa in ce tsirar ba ƙaddara ba ce.

Bayan suna sai ga ƙanenki Sale da sassafe, ko karyawa bai yi ba. Kin san shi in abu ya dame shi, sai ya yi ta gyara hula. Ya ce an aiko daga Kiru. In manya suka kawo yaron ya durƙusa ya ce ya yi garaje, tsoro ne ya ɗebe shi, to Kyaftin zai sa baki wurin kamfani, a rufe magana, ya koma bakin aikinsa.

Na ce, “Sale, garaje ya yi?”

Ya ce, “Yaya Ya'u, kai ma ka sani, ban haƙuri ba shari'a ba ce. Ba a tambayar wa yake da gaskiya. Ƙarami ya ce ya tuba, babba ya ce ya yafe, a sha ruwa a tashi. Ni na kai yaron nan, yanzu ko hanyar Kiru ba na iya bi. Ga jaririya, ga mai jego. Gaskiyar za su ci?”

Na ce, “Kai dai tun kana yaro in an mare ka kai ne kake cewa sannu.”

Ya ce, “Shi ya sa na tsufa da haƙorana. Kai ina naka?”

Ban raina maganarsa ba. Ni kaina sau nawa na kai mutane ban haƙuri? Kin tuna rigimar iyakar gona da mutanen Malam Bawa, da lokacin da shanun Fulanin Doguwa suka shiga dawar ƙanena. Na sa mai gaskiya ya sunkuyar da kai, aka zauna lafiya, kuma har yau ina ganin daidai na yi. Da wannan al'ada garin nan yake tsaye. Wanda ya ce ya tuba a kan kunyar gona, kalma ce kawai ya bayar, gonar tana nan inda take.

Na kira Habibu na faɗa masa saƙon. Na zaci zai yi gardama. Sai ya durƙusa ya dubi ƙasa ya ce, “Tsoho, duk abin da ka ce shi zan yi.”

Wallahi, Ladi, a nan ne tsoro ya kama ni. Na ga tarbiyyar nan da kika yi masa an ɗauko ta ɗungurungum an ɗora mini a hannu. In na ce ya je ya ce laifi ya yi, zai je. Zai koma aiki, za a saya wa takwararki riguna. Sannan wata rana, wata daminar, zai sake zama kusa da wani babba, jirgi ya sake yin sama, ya buɗe baki, sai ya tuna ranar da kakansa ya kai shi Kiru ya durƙusar da shi a kan wannan maganar. Dutsen da ya samu ya ture daga harshensa da ƙyar, ni zan mayar masa da shi da hannuna. Kuma ba shi kaɗai ba. Duk yaron da yake zaune a irin kujerarsa zai ji labari, ya koyi cewa wanda ya yi magana gida ake kora shi, sai ya janye ta ake mayar da shi.

Kada ki ce ina zargin renonki. Ba ki yi kuskure ba. Kin koya masa ya girmama babba, ya kuwa girmama shi. Wane girmamawa ne ya wuce ka mayar da mutum gidansa wurin iyalinsa da ƙafafunsa? Ni dai a ganina, ranar nan ma biyayya ya yi, sai dai irin wadda ake yi da ɗaga murya.

Na ce wa Sale ya aika Kiru, ranar Juma'a muna tafe, don a ranar Kyaftin yake zuwa gidansu. Ya yi ta sa mini albarka, ya ce ashe tsufa ya fara sa mini hankali.

Na sa babbar rigata mai ruwan ƙasa, wadda kika ce ita kaɗai ce take ɓoye ƙashin wuyana. Na ɗauki ƙullin goro da dabino daga na suna. Muka hau mota mu uku zuwa Kwanar Dangora, daga nan muka canja ta Kiru. Duk hanya Sale yana koya wa Habibu abin da zai ce, kalma bayan kalma, yana cewa ya maimaita. Yaron yana kallon gonakin rake ta taga.

Bayan an sauko daga masallaci aka shigar da mu zaure. Akwai yayan Kyaftin, wani tsoho mai farin gemu, da wasu dattawa biyu. Shi kansa Kyaftin yana zaune a kan buzu, siriri ne, mai furfura a gefen kunne, ba shi da kamar mai girman kai. Sai na ga kamar bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Habibu ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaishe shi da “Baba, ina wuni,” ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya. Da kin gan shi da kin ji daɗi.

Na fara da godiya, kuma ban taƙaita ba. Na faɗi yadda ya tsamo maraya daga tasha ya sa shi a inuwa. Na ce har in mutu gidana yana bin gidansa da addu'a. Dattawa suna ta “Madalla, madalla.” Sale ya gyara zama, ya taɓa Habibu da gwiwar hannu don ya shirya.

Sai na tura ƙullin goro gaban Kyaftin na ce, “Ranka ya daɗe, abin da ya kawo mu shi ne mu yi maka barka da arziki. Allah ya kuɓutar da kai, ya kuɓutar da bayinsa da suke bayanka, ya kuɓutar da jikana. Barka da arziki.”

Sale ya danƙi cinyata har sai da na ji zafi. Yayan Kyaftin ya ce, “Malam, mu fa ban haƙuri aka ce mana.”

Na ce, “In muryar yaron nan ta yi ƙarfi a gaban baƙi har ran Kyaftin ya sosu, wannan ni na ba da haƙuri, ni da na haifi ubansa, ga ni a gabanku. Amma jirgin da ya ɗaga, ba mu zo neman gafara a kansa ba. Ba zan sa shi ya ce tsoro ne ba, don ba tsoro ba ne. In aikin sai da wannan kalma, to a riƙe aikin.”

Ba da faɗa na faɗa ba. Ina sane da abin da nake jefarwa. Ina sane da mai jegon da muka baro a gida.

Kin san ba a yi wa mutum barka ya yi shiru. Ko maƙiyinka ne ya yi maka, sai ka amsa. Kowa a zauren ya san haka, kowa kuma ya san wanda ya amsa barka da arziki ya yarda ke nan akwai abin da ya tsallake. Yayan Kyaftin ya buɗe baki zai yi magana, Kyaftin ya ɗaga masa hannu. Can sai ya ce, a hankali, “Barkanmu dai, Malam.” Ya kwance ƙullin, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya miƙo mini rabi.

Bai ce zai sa baki a kamfani ba. Bai ce Habibu ya yi daidai ba. Ni ma ban nema ba, don ban je in tozarta shi a gidan ubansa ba. Aka yi fatiha muka tashi. Muna sa takalma a waje sai ya fito har bakin zaure, ya kira yaron da sunansa. Habibu ya koma ya durƙusa. Abin da na ji ya ce masa kawai shi ne, “Ruwan nan ya fi yadda na zata.” Ya juya ya shige.

Sale bai yi mini magana ba har Kwanar Dangora. Da muka sauka ya sayi tsire ya juya mana baya ya cinye shi kaɗai. Da ya gama ya goge baki ya ce, “Yayata ta yi haƙuri da ta zauna da kai shekara da shekaru.” Na ce ai ya daɗe bai faɗi gaskiya irin wannan ba. Har yanzu yana fushi, amma jiya ya aiko wa mai jego da kaji.

To, ga inda muke. Kwamiti bai gama zama ba. An ce attajirin ya rantse ba zai sake shiga jirgin da Habibu yake ciki ba. Shi ya sani, ransa ne. Wataƙila a mayar da yaron, wataƙila ba za a mayar ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce na san ƙarshen abin ba. Yanzu haka yana gona yana karyar masara, hannunsa duk ya yi kanta, 'yan gari suna wucewa suna tambayarsa yaushe za a tashi. Yana amsa musu da dariya. Na lura kuma tun da muka dawo daga Kiru yana cin abinci sosai, abin da bai yi ba tun zuwansa.

Ku kuma masu leƙen wasiƙar nan, masu cewa tsoho ya kashe wa jikansa kasuwa da taurin kai, na ji ku. Ku ci gaba. Ni na wanke ɗa na kai shi kabari, na san nauyin makara in naka ne a ciki. Ba wanda zai koya mini bambancin yaron da ya rasa aiki da yaron da aka rasa. In kuna da ɗa ko ƙane da yake zama kusa da wani babba a wurin da kuskure yake cin rai, ku gaya masa tun yau cewa in ya ga abu ya faɗa da ƙarfi, kuma in an koro shi, akwai tuwo a gida.

Ladi, na yi kewarki a zauren nan. Da kina nan na san da daren Alhamis za ki hana ni barci da faɗa, ki ce zan jawo wa yaro, sannan da safe ke ce za ki ƙulla mini goron da hannunki.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa Aljanna ce makomarki. Allah ya saka wa Kyaftin da alheri, ya sanyaya zuciyarsa, ya tsare masa mutuncinsa. Allah ya tsare duk wanda yake ɗauke da rayukan mutane a sama, ya ba babba kunnen ji, ya ba ƙarami ƙarfin faɗa, ya sauke su lafiya ko da ba a garin da suka nufa ba. Allah ya buɗa wa Habibu ta inda ya fi masa alheri. Ya sada ni da ke cikin rahama idan nawa lokacin ya yi. Amin.

Ki huta, Ladina. Na kai yaronki, na dawo da shi, kansa a ɗage.

Naki har kullum,
Ya'u
Tudun Wada